Matakan da Na Bi Bayan Na Tsinci Sulallan Azurfar Rumawa a Wata Gona a Ingila

Duk wanda ya tsinci sulallan azurfa na zamanin Rumawa a ƙasar Ingila, daga guda biyu zuwa sama a wuri ɗaya, ba shi da ikon ya zuba su a aljihu ya ce rabonsa ne ya tsaga, domin dokar binnanniyar dukiya ta shekarar 1996, wadda ta fara aiki a watan Satumba na 1997, ta ɗora masa wajibin kai rahoto cikin kwana 14. Na bi wannan hanya daga farkonta har ƙarshenta, kuma na ga ya kamata in rubuta yadda ta kasance saboda 'yan uwanmu ɗalibai da ma'aikata da ke zaune a nan, waɗanda sha'awar tsofaffin kuɗi ta fara kama su, kada su sha ruɗanin da na sha wajen sanin ofishin da ake fara zuwa da takardar da ake jira.

Shigata harkar ta biyo ta hannun wata ƙungiyar masu yawo da na'urar gano ƙarfe a gabashin Ingila, inda nake aiki. Kafin mutum ya taka gonar kowa da na'ura, dole ne ya sami izinin mai gonar, domin a Ingila babu filin da ba shi da mai shi, har da wuraren shaƙatawa da bakin teku. Wuraren da gwamnati ta sa cikin jerin wuraren tarihi masu kariya kuwa, dokar 1979 ta haramta yin bincike a cikinsu ba tare da izini na musamman ba, ko da mai filin ya yarda. Manomin da ya ba ni izini dattijo ne mai noman alkama da sha'ir, kuma shugaban ƙungiyarmu ya nace a kan mu rubuta yarjejeniya a takarda, mu sa hannu mu biyu, cewa duk abin da ya fito mai daraja za mu raba shi biyu daidai. A lokacin na ɗauki abin a matsayin ƙa'idar Turawa kawai, amma daga baya wannan takarda ta zama mafi amfani a cikin duk takardun da na tara. Kuɗin da na kashe a wannan mataki su ne na na'ura irin ta masu koyo, da ƙaramin shebur, da ɗan kuɗin rajistar shekara na ƙungiyar masu wannan harka ta ƙasa, wanda ke haɗe da inshora idan mutum ya yi ɓarna a gonar wani.

Bayan an girbe alkama an yi huɗa, a wani ɓangare na gonar mai ɗan tudu, na tono sulai na farko a zurfin da bai kai taƙi ɗaya ba. Baƙi ne wuluk, girmansa bai wuce maɓallin riga ba, amma da na juya shi a haske sai ga kan mutum da kambun ganye. Kafin yamma na tono guda tara a tsakanin 'yan taku kaɗan, kuma a bayyane yake cewa garma ce ta watsa su daga wuri ɗaya shekara da shekaru. Abin da tsofaffin 'yan ƙungiya suka koya mini shi na yi: kowane sulai na ɗauki hotonsa a inda ya fito, na rubuta lambar wurin daga na'urar wayata, na sa shi a ledarsa shi kaɗai, ban goge ko ɗaya ba. Wani daga cikinsu ya ƙara ja mini kunne cewa idan na ga alamar tukunya ko sulalla a dunƙule a ƙarƙashin inda garma ke kaiwa, in dakata da haƙa nan take in kira masana, saboda yadda kayan suke kwance a ƙasa shi kansa ilimi ne da ba ya dawowa idan an birkita shi. Ban tarar da tukunya ba. A daren na kai wa manomin su ya gani, na gaya masa cewa doka ta ce sai an kai rahoto, ya ce shi ma haka ya sani.

Inda ruɗani ya fara shi ne wajen sanin wanda ake kai wa rahoton. Doka ta ambaci alƙalin bincike na yankin, wato jami'in shari'a da ake kira coroner, wanda babban aikinsa shi ne binciken mutuwar da ba a san musabbabinta ba, amma tun zamanin da can, shi ne ke yanke hukunci a kan dukiyar da aka tono. A aikace kuwa, ba ofishinsa mutum yake nufa ba. Akwai shirin rajistar kayan tarihi da jama'a ke tsinta, mai suna Portable Antiquities Scheme, wanda aka fara a 1997 kuma Gidan Tarihin Birtaniya da ke Landan ke jagoranta a Ingila, kuma shirin yana da jami'ai a kowane yanki masu hulɗa da waɗanda suka yi tsintuwa, da ake kira FLO a taƙaice. Na aika wa jami'ar da ke kula da yankinmu saƙon imel washegari, tare da hotuna da bayanin ranar da na tsinci kayan, kuma ita ce ta sanar da alƙalin a madadina. Ta amsa mini cewa wannan saƙon ya isa ya nuna na cika wa'adin kwana 14, ko da ganawarmu za ta ɗauki makonni kafin ta yiwu. Wannan ya kwantar mini da hankali ƙwarai, domin hukuncin wanda ya ɓoye irin wannan tsintuwa ya haɗa da tara ko ɗaurin da zai iya kai wata uku, kuma ga baƙo mai zama da biza, ko ƙaramar shari'a ba abin wasa ba ce.

A ranar ganawa na je gidan tarihin gundumar da sulallan, da lambobin wuraren da suka fito, da suna da adireshin manomin. Jami'ar ta yi mini bayanin ƙa'idar a fili: sulalla biyu ko fiye da suka fito daga wuri ɗaya, waɗanda suka haura shekara 300 kuma azurfa ko zinariyar da ke jikinsu ta kai kashi 10 cikin 100, binnanniyar dukiya ce a idon doka; idan na tagulla ne, sai sun kai goma. Sulai guda ɗaya tilo ba ya shiga wannan hukunci a al'ada, sai dai daga shekarar 2023 an ƙara wani rukuni na kayan ƙarfe da suka haura shekara 200 masu muhimmanci na musamman ga tarihi, wanda zai iya haɗawa da sulai ɗaya idan irinsa ba safai ake samu ba. Ta cike fom, ta ba ni rasit mai ɗauke da adadin sulallan, daga baya kuma aka turo mini lambar shari'ar, wadda ke farawa da shekara, sai harafin T, sai lamba. Ba a karɓi ko kwabo daga hannuna ba, a nan ko a wani mataki na gaba. Na fito daga ofishin hannu rabbana, kuma gaskiya sai da na ji wani iri a raina, ganin abin da na tono da hannuna ya koma cikin akwatin hukuma.

Amma kafin ta rufe akwatin, ta zauna da ni ta nuna mini yadda ake karanta su, kuma wannan zama shi ne ya mayar da ni mai tara sulalla na gaske. Dukkansu irin kuɗin da ake kira dinariyus ne, wanda Rumawa suka fara bugawa a wajen shekara ta 211 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, ya kuma zama ƙashin bayan kuɗinsu na tsawon fiye da shekara 400. A zamanin Sarki Agustus nauyinsa ya kai wajen giram 3.9 na azurfa kusan tsantsa, sai Niro ya rage shi zuwa wajen giram 3.4 a shekara ta 64 bayan haihuwar Annabi Isa, daga nan kuma sarakuna suka riƙa ƙara masa tagulla har a zamanin Seftimiyus Seberus, wanda ya mutu a birnin York a shekara ta 211, azurfarsa ta koma wajen rabi. Saboda haka abu na farko da ta yi shi ne ɗora kowanne a kan ƙaramin sikeli mai auna har kashi ɗaya cikin ɗari na giram, sannan ta auna faɗinsa, wanda yawanci ke tsakanin milimita 17 da 20. Sai bayan nan ta ɗauko madubin ƙara girma ta koma kan rubutun.

Rubutun da ke kewaye da kan sarki da harshen Latin yake, a taƙaice, kalmomi a manne da juna babu tazara, kuma harafin V shi ne ke tsayawa a madadin U. Da zarar mutum ya haddace gutsattsarin da ke yawan maimaituwa, sai sunan sarki ya fito da kansa a tsakaninsu. IMP laƙabin shugaban mayaƙa ne, AVG na nufin Agustus, wato sarautar kanta, P M babban shugaban addininsu, P P uban ƙasa, COS muƙamin kwansul, wato babban muƙamin mulki da ake riƙewa na shekara, TR P kuwa ikon wakilcin talakawa da ake sabunta wa sarki kowace shekara. Waɗannan biyu na ƙarshe su ne mabuɗin sanin shekara, domin Rumawa ba su sa kwanan wata a kuɗinsu ba, sai dai lambar da ke bin muƙamin. Uku daga cikin sulallan na Sarki Tirajan ne, wanda ya yi mulki daga 98 zuwa 117, kuma ɗaya na ɗauke da DAC, laƙabin da ya samu bayan ya ci Dasiyawa, mutanen yankin Romaniya ta yau, da yaƙi a 102, da COS V a bayansa, abin da ke nuna an buga shi tsakanin 103 da 111. Biyu na Hadiriyan ne, wanda gemunsa ke bambanta shi da sarakunan da suka gabace shi, kuma tun da akwai P P a jikinsu, ba a buga su kafin 128 ba, shekarar da ya karɓi laƙabin. Na Vespasiyan ya ba ni wahala, ashe rubutunsa ta hagu yake zagayawa kuma ƙasan haruffan na kallon baki, sai an juya shi sannan yake karantuwa. Akwai na mace guda ɗaya mai rubutun DIVA FAVSTINA, wato matar Sarki Antoninus Piyus, wanda aka buga bayan mutuwarta don tunawa da ita.

Guda biyu ne suka fi jan hankalin jami'ar. Na farko ya side har ya kusa zama fili, sai inuwar jirgin ruwa mai matuƙa a gefe ɗaya, da gaggafa tsakanin tutoci biyu a ɗaya gefen. Wannan na Markus Antoniyus ne, wani babban kwamandan Rumawa, cikin waɗanda ya buga a shekara ta 32 zuwa 31 kafin haihuwar Annabi Isa don biyan sojojinsa gabanin yaƙin Aktiyum. Da yake azurfarsa ba ta kai ta sauran kuɗin zamaninsa kyau ba, mutane ba su damu da ɓoye shi ko narka shi ba, sai ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu, shi ya sa ake yawan samunsa a Birtaniya duk da cewa Rumawa ba su ci ƙasar ba sai a shekara ta 43, zamanin Kaladiyus. Na biyun shi ne na Antoninus Piyus mai ɗauke da TR P XII, wato 148 zuwa 149, kuma shi ne mafi sabunta a cikinsu. Ƙa'idar masana ita ce sulai mafi sabunta shi ke nuna lokacin da ba a binne dukiya kafinsa ba, don haka wanda ya yi asarar waɗannan kuɗi ya yi ta ne daga tsakiyar ƙarni na biyu zuwa gaba, yana riƙe da sulan Markus Antoniyus da ya girme na Antoninus Piyus da kusan shekara 180. A lokacin albashin sojan Rum na shekara dinariyus 300 ne, ke nan abin da na tono bai wuce ladan kwana goma sha ɗaya na soja ɗaya ba, ya fi kama da abin da ke cikin jakar matafiyi fiye da ajiyar attajiri.

Ɗaya daga cikin na Tirajan kuma ya fito da nauyi ƙasa da na 'yan uwansa sosai, kuma a gefensa akwai wurin da azurfa ta ɓare, kore na leƙowa daga ciki. Jabu ne, amma jabun zamanin Rumawa: an lulluɓe tagulla da siririyar fatar azurfa aka buga hatimi a kai. Ta ce irinsa ma ana rajistarsa tare da sauran, domin shi ma shaida ce ta yadda kuɗi ke yawo a lokacin.

Daga nan sai jira. Rahoton masana shi ne mataki na gaba, inda ake ba kowane sulai lambarsa a cikin babban kundin sulallan sarakunan Rum da ake kira RIC a taƙaice, wanda aka fara wallafawa a 1923, sannan a aika rahoton ga alƙalin bincike da sashen kula da binnanniyar dukiya na Gidan Tarihin Birtaniya. Watanni suka shuɗe shiru, kuma a wannan tsakani na fahimci cewa shirun ba ya nufin an manta da mutum, yawan tsintuwar da ake kai wa jami'an ne ya fi ƙarfin hannayensu, musamman bayan kaka. Duk lokacin da na rubuta ina tambaya, lambar shari'ar nake sa wa a kan saƙon, kuma ana amsa mini. Na yi amfani da lokacin wajen koyon karatun sulalla a rumbun intanet na shirin rajistar, mai ɗauke da kaya fiye da miliyan ɗaya, da wani rumbun mai suna OCRE da ƙungiyar masana sulalla ta Amurka ke kula da shi, inda mutum zai rubuta ɗan gutsuren rubutun da ya iya karantawa a fito masa da duk nau'o'in da suka dace. A can na koyi bambanta dinariyus da antoniniyanus, wanda Karakala ya fito da shi a 215, inda sarki ke sanye da kambu mai tsinaye a maimakon na ganye, da kuma silikwa ta ƙarni na huɗu, siririya, wadda a Birtaniya ake yawan samunta an datse mata baki, kamar dubban da aka tono a Hoxne ta gundumar Suffolk a 1992.

Da rahoton ya kammala, aka tambayi gidajen tarihi ko akwai mai so, sai wani ƙaramin gidan tarihi na kusa da gonar ya nuna sha'awa. Wannan ne ya sa alƙalin ya sa ranar zama, aka aiko mini da wasiƙa, aka aika wa manomin tasa. Halarta ba dole ba ce, amma na je don in ga yadda ake yi. Zaman bai ɗauki lokaci ba: aka karanta taƙaitaccen rahoton, ba a bayyana ainihin wurin gonar ba saboda masu haƙar dare, alƙalin ya ayyana sulallan a matsayin binnanniyar dukiya, wato mallakar Masarautar Birtaniya. Daga nan aka miƙa su ga kwamitin ƙiyasta daraja. Wani masani mai zaman kansa ya fara sa musu kuɗi, aka turo mana takardar ni da manomin da gidan tarihin, aka ba mu damar yin ƙorafi ko kawo namu ƙiyasin kafin kwamitin ya zauna. Kuɗin da aka sa bai kai fam ɗari biyar ba gaba ɗaya, kuma ban yi jayayya ba, domin a lokacin na riga na san cewa dinariyus na Tirajan ko Hadiriyan da ya sha hannu ba abu ne mai tsada ba a kasuwa, an buga su da yawan gaske. Da an biya, da an raba ladan biyu tsakanina da mai gona, kamar yadda aka saba.

Ba a kai ga biya ba, domin bayan wasu watanni gidan tarihin ya rubuto cewa bai sami kuɗin ba, ya janye. Idan haka ta faru, ko kuma tun farko babu gidan tarihin da ya nuna sha'awa, Masarauta takan sauke haƙƙinta a rubuce, a sanar da mai gona, a ba shi kwana 28 ya kawo ƙorafi idan yana da shi, in bai kawo ba a mayar wa wanda ya tsinta. A nan yarjejeniyarmu ta yi aikinta, domin babu wata gardama da ta taso: na biya manomin rabin kuɗin da kwamitin ya ƙiyasta, ya sa hannu cewa ya bar mini su, don kada a raba su a watse. Tsakanin ranar tsintuwa da ranar da na karɓo su an haura shekara ɗaya da rabi. A ɓangaren addini kuma, na tambayi wani malaminmu a masallaci game da hukuncin rikazi, wato dukiyar mutanen jahiliyya da aka tono, wadda hadisi ya ce ana fitar da humusi a cikinta, kuma na bi abin da ya ce mini a kan kason da ya zama nawa.

Wanda zai bi wannan hanya, abin da zan fi jaddada masa shi ne kada ya wanke sulallan da komai, ko lemun tsami ko man goge ƙarfe, domin tsohuwar azurfa kan yi gautsi ta tsage, kuma baƙin da ke jikinta masu tara sulalla suna ganinsa da daraja, gogewa na karya farashi. Ya kuma riƙe rasit da lambar shari'a da wasiƙar sauke haƙƙi a wuri ɗaya, saboda babu dillalin kirki da zai sayi sulallan da suka fito daga ƙasar Ingila ba tare da ya nemi ganin tarihinsu ba. Idan ya koma gonar ya sake tono ko da guda ɗaya ne a wurin, shi ma sai ya kai rahoto, domin ana ɗaukarsa ƙari ne a kan na farko. Ya kuma sani cewa wannan tsari na Ingila da Wales ne; a Sukotland duk abin tarihi da aka tsinta sai an kai rahotonsa ko da guda ɗaya ne, a Ireland ta Arewa kuma neman kayan tarihi da haƙa sai da lasisi. Wanda kuma ya fi son saye a kan tono, ya sa sikeli a gaba, ya duba bakin sulan da kyau, domin na gaske bugawa aka yi da guduma tsakanin hatimi biyu, shi ya sa ba a samun biyu masu siffa ɗaya sak, jabun zamani kuwa galibi zubi ne, ana ganin layin haɗi a bakinsa da ƙananan ramuka a fuskarsa.

Mataki na ƙarshe ya taso ne lokacin da na yi niyyar tafiya da guda biyu Kano don in nuna wa iyalina. Duk abin tarihi da aka tono daga ƙasar Birtaniya wanda ya haura shekara 50, komai ƙanƙantar darajarsa, ba a fita da shi daga ƙasar sai da lasisi daga hukumar Arts Council England, ko da kuwa mutum zai dawo da shi. Na cike fom ɗinsu, na haɗa da hotunan fuska da bayan kowane sulai, da lambar rajistarsu, da wasiƙar sauke haƙƙi. Ba a biyan kuɗi a nan ma, amma amsar kan ɗauki makonni, don haka ya kamata a nema tun kafin a yanki tikitin jirgi, a kuma riƙe lasisin tare da sulallan a jakar hannu.